Na kusa gama likitancin dabbobi, ta ina zan faro shirin jarabawar NAVLE?

'Yar Aji Shida:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan karatu, dan Allah shawara nake nema. Ina aji shida a likitancin dabbobi a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewa, yanzu haka zagayen asibiti muke, saura jarabawar ƙarshe da kare firojet sai rantsuwa in Allah ya yarda. To an sa ranar aurena bayan babbar sallah kuma wanda zan aura a Amurka yake aiki, jihar Ohio, ya ce takardun tafiyata za su ɗau lokaci, shi ne yake cewa tun yanzu in fara karatun NAVLE tunda ita ake ci a samu lasisin aiki a can. Na shiga intanet na duba wallahi kaina ƙara kullewa ya yi, nan a ce ECFVG can a ce PAVE can a ce BCSE ban san wacce ce gaba da wacce ba. In fara karatun yanzu ne ko in bari sai na gama? Sabis fa, in yi ko in share tunda ba zama zan yi ba? Sannan abin da ya fi damuna, tambayoyin gwajin da na gani kusan duk kare ne da mage, ni kuma tsakani da Allah shanu da tumaki da kaji na iya, kare kam ko riƙe shi ɗari-ɗari nake. Wanda ya bi hanyar nan ya taimaka min.

Dakta Na Minnesota:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Bari in warware miki tsarin tukunna dan shi ke ruɗa kowa. NAVLE ba ita ce ƙofar farko ba a wajenmu. Ɗaliban makarantun da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta tantance su ne suke zuwa kai tsaye su zauna mata tun suna shekarar ƙarshe, kuma duk faɗin Afirka babu makaranta ko ɗaya a wannan sahun, dan haka mu sai mun bi ta ECFVG ko PAVE, tsare-tsare biyu na tantance waɗanda suka yi karatu a waje, sun tabbatar digirinmu ya kai nasu.

ECFVG hawa huɗu ce. Rajista da tantance takardun makaranta. Sai shaidar Turanci, yawanci TOEFL ko IELTS. Sai BCSE, tambaya 225 a kwamfuta cikin minti 220, ita ce ke kwaso komai tun daga anatomi da fisiyoloji da ilimin magunguna har zuwa tiyata, in kin ci ta ne hanyar NAVLE za ta buɗe miki. Hawa na huɗu CPE, wannan ta hannu ce, kwana uku a can Amurka, su ba ki dabba mai rai suna tsaye a kanki da takarda da biro. PAVE kuma maimakon ta hannun sai ki je ki yi zagayen asibiti a wata makarantarsu ki biya kuɗin makaranta, tsada ba a magana, kuma ba kowace jiha ce ke karɓarta ba, ECFVG kuwa duk jihohi suna karɓa.

Ita NAVLE ɗin tambaya 360 ce, kashi shida, kowane kashi tambaya 60 a minti 65, kin ga awa shida da rabi ke nan kina kallon kwamfuta. Maki daga 200 ne zuwa 800, ana ci da 425. Kuma idonki bai yi miki ƙarya ba, kare da mage su ne kusan rabin jarabawar, sai doki, sai shanu, sai alade, tumaki da awaki da kaji da muka ƙare ƙuruciyarmu a kansu ɗan kaɗan ne.

Ra'ayina, kar ki taɓa littafin NAVLE yanzu. Ki ci jarabawar da ke gabanki, wadda ba ta da digiri a hannu ba ta da ECFVG.

Likitan Kaji:
Hhhh wato duk cututtukan kaji irin su gumboro da nukasil da muka haddace sun tashi a tutar babu kenan. Allah ya kyauta.

Dakta Na Minnesota:
Ba su tashi a banza ba malam, suna fitowa, kawai ba su da yawa ne. Kuma akwai inda muka fi su. Cututtukan da suke kira na ƙasashen waje suna tambaya a kai sosai dan tsoronsu suke, ciwon kofato da baki rabonsu da shi a Amurka tun 1929, ɗalibinsu a hoto kawai ya san shi, mu kuwa mun buɗe bakin saniya mun gani da ido. Haka ciwon huhu, haka PPR, annobar tumaki da awaki. Inda muke shan wuya shi ne shanun madara. Mu Bunaji da Bokolo da Rahaji muka sani, matsalarsu sammore da kirci da hanta da kaska, su kuma Holstein ce ake ɗura mata hatsi ana tatsa, sai ka ji abomasum, wato ciki na huɗu na saniya, ta goce hagu, ketosis wato ƙarancin kuzari a jikin saniyar da ake tatsa, faɗuwa bayan haihuwa dan ƙarancin kalsiyam. Sai gubar cikin gida, kare ya ci cakulan ko inabi, mage ta lashi furen lili ƙoda ta tsaya. Sai tsutsar zuciya. Sai dokar magani a dabbar da za a ci, irin su chloramphenicol da metronidazole haramun ne sam, da kwanakin da za a jira kafin a sayar da madara ko a yanka. Har ma'aunin zafin jiki sai kin sake koya, kare lafiyayye za a ce miki 101.5 ki zata ya dahu, alhali Fahrenheit ne.

Anti Mai Kilinik Abuja:
Ƙanwata ni ban yi NAVLE ba kuma ba ni da niyya, amma yara biyu sun zauna a wajena suna shiri dan haka ki saurare ni. Karatun kwamfuta ba shi ne matsalarki ba, yaran arewa akwai haddar tsiya, ki biya VetPrep ko Zuku, shafukan tambayoyin gwaji, ki riƙa yin tambayoyi kullum kina duba MSD Veterinary Manual da yake kyauta a intanet, wata shida zuwa takwas za ki ga kin canza. Matsalarki hannu. A CPE za a ba ki karya ki cire mata mahaifa daga farko har ɗinkin ƙarshe cikin lokacin da suka yanka, wani sashen kuma ke za ki sa dabba barci, ki sa kanula, ki zura bututun numfashi, ki haɗa injin isoflurane, iskar sa barci, ki duba ko yana yoyo, ki zauna kina rubuta bugun zuciya da numfashi. A nan mutanenmu suka fi zubewa, dan da yawanmu xylazine da ketamine muka taso da su, a yi allura a yi sauri a gama kafin ta farka. Kuma kafin ma su ba ki gurbi sai kin kawo shaidar tiyatar da kika yi da hannunki likita mai lasisi ya sa hannu.

Shi ya sa maganar share sabis ban ma so na ji ta ba. Shekarar nan ita ce jarinki. Ki nemi a tura ki asibitin ƙananan dabbobi mai cinkoso a Abuja ko Legas ko Kaduna, ko asibitin koyarwa na jami'a, kar ki yarda a ajiye ki a ofishin ƙaramar hukuma kina sa hannu a rajista kina komawa gida. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta duk tiyatar da kika shiga, kwanan wata, nauyin dabba, maganin da aka ba ta, wa ya riƙe wuƙa. Kuma tun kafin ki fara ki je a yi miki allurar rigakafin haukan kare, kar ki jira sai an cije ki.

Tsoron kare kuwa sati uku ne. Ki koyi ɗaura takunkumi da bandeji, ki koyi kallon kunne da jela, shi ke nan. Mage ma ta fi kare sharri in kin tambaye ni, duk tabon da ke hannuna nata ne.

'Yar Aji Shida:
Na gode Anti Allah ya ƙara girma. Gaskiya ba cizon ne kaɗai ba, har da maganar najasa, a gida ma Hajiyarmu cewa take wai duk karatun nan a kan kare zai ƙare.

Malamin Kwata:
Ƙanwa a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan duk abu mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai ana yi ne dan bin umarni. Shafi'iyya ne suka tsananta. Ki samu malamin da Hajiya ta yarda da shi ya yi mata bayani da bakinsa, ya fi ke ki yi ta jayayya da ita. Ga safar hannu ga rigar aiki, in kin tashi ki cire ki yi alwala. Mu da muke kwata tun asuba cikin jini da tumbi ai ba mu bar sallah ba.

Baba Dakta Mai Ritaya:
'Yata Allah ya yi albarka. Ni tsoho ne, mun yi yawon rigakafin bushiya, annobar shanu, a ruga-ruga kafin a haife ki, kuma Allah ya nuna mana 2011 da aka ce an kawar da ita daga duniya. Ba zan ce kar ki bi mijinki ba. Amma ina jin takaici duk yaron da ya fito da kai sai ya tafi wankin haƙorin mage, alhali ku je Maigatari ko Potiskum ko Illela ranar kasuwa ku ga dabbobin da ke shigowa, ku ƙirga likita nawa ne a wajen. Mai shago ne ke ba Bafulatani Berenil da oxy ya ce ya je ya yi da kansa. A 2024 an buɗe ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, wa zai riƙe ta in duk kun tafi.

To na faɗi nawa. Abin da zan roƙe ki, ki yi rantsuwa, ki yi rajista da VCN, hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, ki karɓi lambarki, ki riƙa sabunta lasisinki duk shekara ko kina can. Ba a san gobe ba, biza tana iya makalewa, kuma duk hukumar da za ki nema a waje tana iya cewa ki kawo wasiƙa daga inda kika fara rajista cewa ba ki da wani laifi.

Likitan Kaji:
Baba ranka ya daɗe a yi mana afuwa, amma albashin da ake ba likitan dabbobi a jiha ko buhun abincin kaji nawa zai saya? Wanda ya samu hanya a bar shi ya tafi.

Baba Dakta Mai Ritaya:
Kai da gonaki ke biyanka kuɗin zagaye ai ba da kai ake maganar albashi ba, ɗana.

Ɗan Barga:
Ba wanda ya tsaya a kan maganar doki kuma shi ne na uku a yawa a NAVLE, a CPE ma sashe guda ne nasa. Dakta kar ki bari wannan ya wuce ki tunda kina arewa, mutanen Ohio sai sun biya kuɗi suke ganin abin da ke bayan gidanku. Filin folo na Kaduna da Kano da Katsina, bargar sarakuna gab da hawan sallah, duk akwai likitocin da ke dubawa, ki liƙe wa ɗaya. Ki koyi zura tiyo ta hanci zuwa ciki, sauraren hanji in doki na ciwon ciki, gano ƙafar da ke ɗingishi in ana sukuwar sassarfa da shi, duba haƙori a faɗi shekaru. Wannan ba a koyonsa a bidiyo.

Likita Daga Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu da yawa a Dakar muka yi, makarantar likitancin dabbobi ta EISMV. Ga 'yan uwa masu Faransanci da ke karantawa, NAVLE ana rubuta ta da Faransanci ma saboda Kanada, jarabawa ɗaya ce ƙasashen biyu ke amfani da ita, sai dai a Kanada ta hannun hukumarsu ta NEB ake bi.

Dakta Na Minnesota:
Abu ɗaya da ban faɗa ba kuma shi ya kamata ku zauna da angon a kai tun kafin biki, kuɗi. BCSE da NAVLE ɗaruruwan daloli ne kowacce, CPE kuwa dubbai ce, ban da jirgi da masauki, in kin faɗi wani sashe ki sake biya, gurbin ma sai an yi layi. Tunda shi ya kawo shawarar ya san da wannan, kar a je can a fara cewa ai ba a zata haka ba ne. Bayan an ci duka kuma sai kin nemi lasisin jihar da za ki zauna, kowace jiha da hukumarta. Kafin nan kina iya aiki a matsayin mataimakiya a wani asibiti in takardunki sun ba ki izinin aiki, ni haka na yi, likita guda ina share keji ina riƙe kare ana yanke masa farce, amma a nan na koyi injinansu da yadda ake magana da mai dabba, wanda shi ma ana ba shi maki a CPE.

'Yar Aji Shida:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba na ji kuma in sha Allah zan yi rajistar. Na ajiye NAVLE sai bayan rantsuwa, sabis kuma zan yi. Anti zan biyo ki ta akwati in ba damuwa. Yaya na Minnesota, takardun makarantar fa, in jira sai na tashi yin rajistar ECFVG ɗin ne ko in fara nema?

Dakta Na Minnesota:
Ki fara ranar da sakamako ya fito. Taranskirif da satifiket na asali, kuma ki duba sunanki harafi-harafi ya zama iri ɗaya da na fasfo, in ana rubuta miki Aisha a nan A'ishatu a can ki gyara tun kina kusa da ofishin, kuma kar ki canza zuwa sunan miji a fasfo alhali digiri na ɗauke da na mahaifinki. Ki karɓi lambar wani a ofishin shugaban tsangayarku wanda zai ɗaga waya in an aiko neman tabbaci. IELTS da TOEFL kuma shekara biyu suke yi su mutu, kar ki yi su da wuri, ki bari sai sabis ya yi nisa.