Tef ko gam: wanne ya dace da rufin ɗaki mai zugewa?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Magana ce a kan yoyon rufin ɗakin nan da ake zugowa waje daga jikin motar tafi-da-gidanka, irin waɗanda ake ƙerawa a Elkhart ta jihar Indiyana. Ra'ayina shi ne gam mai bajewa da kansa, irin Dicor 501LSW, ba shi da hurumi a wannan rufi. Don babban rufin mota aka yi shi, inda babu abin da ke gogarsa. Shi kuwa rufin ɗaki, duk sanda aka mayar da shi ciki sai ya bi ta ƙarƙashin robar waifa, wato robar da ke bakin bango tana share ruwa daga rufin, kuma tazarar kaɗan ce. Gam yana bushewa da tudu, robar ta riƙa cinsa, shi ma yana cin robar, a ƙarshe a rasa duka biyun. Tef ɗin liƙe rufi na EternaBond mai faɗin inci 4 yana kwanciya shafal, robar ta wuce ta kansa lafiya. A shimfiɗa tef a huta.

Oga Sale: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Tudun da kake faɗa aikin mai nauyin hannu ne, ba laifin gam ba. Idan aka yanke bakin bututun ƙarami aka ja siririn layi a gindin ƙarfen gefe, inda ya haɗu da shimfiɗar rufi, ba ya tashi har ya dami roba. Kuma gam idan ya tsufa yana tsagewa a fili, mai mota ya hau tsani ya gani, ya goge ya ƙara. Tef kuwa rufa-rufa yake yi. Ruwa zai iya samun kafa ta ƙarƙashinsa yana cin katako, daga sama kana ganin komai fari tas. Ga shi cire shi azaba ne, sai da bindigar zafi, wani lokaci ma ya taho da fatar rufin. Sannan bakinsa na ciki, wanda robar waifa ke karo da shi, idan ya ɗaga ko kaɗan sai ya riƙa naɗewa yana tattara ƙasa.

Hajiya Rabi: Ku biyun kun tsallake matakin farko. Kafin a zaɓi abin liƙi, a san halin da katakon ƙasa yake ciki. A zugo ɗakin har ƙarshe, a bi gefen rufin ana dannawa da babban yatsa, musamman kusurwoyi biyu na waje. Inda ya lotsa, ya ruɓe. Mai na'urar auna danshi ya gwada silin daga ciki. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 yana hanyar ruɓewa. Sai a kwance sukurorin ƙarfen gefe ɗaya bayan ɗaya a duba su. Wanda ya fito da tsatsa a zarensa, ta nan ruwa ke shiga. Wanda yake juyawa ba ya kamawa, katakon wurin ya mutu. Ainihin abin da ke tare ruwa a wannan gaɓa shi ne tef ɗin butil, wata roba mai laushi da danƙo da ke ƙarƙashin ƙarfen, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci. Idan ya bushe ya farfashe, a ɗaga ƙarfen, a kankare tsohon, a sa sabo, a ɗaure sukurori har ya ɗan matso ta gefe, a yanke rarar da wuƙar filastik. Wanda ya liƙe sama ya bar jiƙaƙƙen katako a ƙasa, ya ɗinke ciwo ne da mugunya a ciki.

Ɗanjuma: Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari a kai: yawancin motocin hannu na biyu za a tarar an riga an lafta musu silikon a wurin. Tef ba ya kama silikon, gam ɗin Dicor ma haka, ko sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau. Dole a kankare shi kaf da makankarin filastik, a goge har yatsa ya daina santsi. A kula da abin gogewa: fetur, kananzir, tina da sabulu mai sinadarin lemo duk suna kumbura robar shimfiɗar rufi da ake kira EPDM ta saki daga katako. Ruwa da sabulu mara ƙarfi tukuna, a bari ya bushe, sannan a bi da tsumma mai sifirit na isopropyl. A fara tabbatar da irin rufin ma, ko EPDM ne, ko TPO (shimfiɗa mai kama da filastik), ko faiba, ko alminiyam, a karanta jikin bututun a ga ya dace da shi.

Malam Habu: Oga Sale, tef ɗin da kake ganin ya naɗe, ba a danne shi ba ne. Manninsa sai an matsa yake kamawa, shafar hannu ba ta isa. A yanko shi guda ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tare da haɗi ba, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi, a riƙa ɓare bayansa kaɗan-kaɗan ana kwantar da shi, kada a ja shi ya miƙe, don wanda aka ja sai ya koma ya ɗaga baki. Wajen inci 1 ya hau jikin ƙarfen, sauran inci 3 a kan rufi, a tura shi cikin lungun sosai kada ya bar rami a ƙasa. Daga nan a bi shi da rolar ƙarfe da ƙarfin gaske, a fi tsanantawa a bakin ciki. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 4 na Salshiyos a fara shafa EternaPrime, ruwan da ke taimaka wa tef ɗin ya kama. Ɗan mannin da ke leƙowa a baki a barbaɗa masa hoda, ba zai kama robar waifa ba. Ga kuma batun lokaci: tef ana gamawa za a iya rufe ɗaki. Gam sai ya yi awa 4 kafin ya jure ruwa, ba ya yin ƙwarin kirki sai bayan awa 48, cikakkiyar bushewa kuwa kwana 30. Wa zai bar ɗaki a buɗe kwana biyu yana kan hanya?

Oga Sale: Batun lokaci na ba ka. Amma inci ɗayan nan da kake hawar da shi jikin ƙarfe, a duba kada ya kai inda ɗaya robar, mai rami a ciki wadda ke toshe bakin ɗaki, take zama idan an rufe, in ba haka ba ka hana ta matsewa daidai, ka buɗe sabuwar kafa. Kuma kusurwa fa? Wuri ne da fuska uku suka haɗu, tef ba ya lanƙwasuwa a nan ba tare da ya tattare ba. Dole a cike ta da gam mara zuba, Dicor 551LSW, wanda ake sa wa a tsaye. Mai bajewa zai gangare ta bango ya bar ramin.

Malam Habu: A kusurwa na yarda, ɗigon gam mara zuba, a daidaita shi da yatsa. A dogon layi kuwa ina nan a kan bakana.

Alhaji Musa: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba duk ruwan da aka gani a ɗakin ne laifin rufi ba. Robar waifa takan lanƙwashe ciki maimakon ta juyo waje idan an zugo ɗaki, sai ta zama magudana. Ganye da tsakuwa da aka rufe ɗaki da su sukan yage ta. Motar da aka ajiye ta karkata, ruwa ya riƙa komawa wajen bango, ita ma za ta yi yoyo ko da liƙin sabo ne. Kafin a kwance komai a yi gwajin tiyo: mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje yana zuba ruwa ba da ƙarfi ba, a fara daga ƙasa ana hawa, kowane wuri a ba shi mintuna kafin a matsa. Rumfar da ake ɗaurawa a saman ɗakin tana rage shara da rana, amma ba ta toshe kafar da ta riga ta buɗe.

Hajiya Rabi: Haka ne, ranka ya daɗe. Ni a nawa ganin, hujjar Oga Sale ta ɓoye ruɓa tana faɗuwa idan an sabunta butil kuma katako ya bushe kafin a liƙe, don haka a dogon layi ina tare da Malam. Yagewa a tsakiyar shimfiɗa ma tef ne maganinta, facin ya zarce yagewar da inci 2 ta kowane gefe. Idan kuwa katako ya lotsa, babu abin liƙin da zai yi aiki: a ɗaye shimfiɗar, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai ƙwari, a sa sabon filawud mai kauri ɗaya da tsohon, a mayar da roba da gam mai haɗin ruwa irin Dicor 901BA.

Oga Sale: To, amma wanda ya sa tef kada ya ɗauka ya gama da hawa tsani. A duba bakin ciki da farce duk bayan wata uku, da kuma kafin a ajiye mota lokacin hunturu. Inda farce ya shiga, a sake bi da rola, idan bai kama ba a yanke wurin a sa sabo.