Neman kalma: me za mu kira "playlist" ɗin marubuci da Hausa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙoshi yau kusan mako biyu, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ina gab da kammala wani labari na matasa, irin mai duhun nan: yarinya 'yar shekara 16, wani kufai a bayan gari, da rijiyar da ba a ɗibar ruwanta bayan magariba. Tun da na fara shi akwai waƙoƙi da kiɗe-kiɗe da nake kunnawa duk daren da zan zauna rubutu, kuma ina so in jera sunayensu a shafin ƙarshe, kamar yadda marubutan irin wannan almara suke yi a Amurka da Ingila. Su "playlist" suke ce masa. Ni kuwa ba na son in rubuta littafi da Hausa daga bango zuwa bango, sannan in zo shafin ƙarshe in ɗora masa suna da Turanci.

Don wanda bai san al'adar ba, ga misalin da ya fi shahara. Stephenie Meyer, Ba'amurkiyar da ta fitar da Twilight a 2005, labarin budurwar da ta faɗa soyayya da saurayi mai shan jini a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama da ake kira Forks a jihar Washington, ta riƙa wallafa wa masu karatunta sunayen waƙoƙin da suka raka ta wajen rubuta kowane littafi. A cikinsu babu waɗanda ta riƙe kamar Muse, makaɗa uku 'yan garin Teignmouth da ke kudu maso yammacin Ingila. Da ta zo littafi na huɗu a 2008, sai da ta sa su a shafin sadaukarwa, ta gode musu. A shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin littafin farko, aka sa waƙarsu a wurin da masu shan jinin suke wasan ƙwallo ana tsawa. Wato kiɗan da ya taya ta rubutu a ɗaki ya bi labarin har allon sinima.

To wannan abin nake nema wa suna.

Wata ƙanwa:

Wa alaikumus salam Anti. Ai ina ganin an riga an gama da wannan: jerin waƙoƙi. Haka kowa yake cewa, ko ɗan firamare zai gane.

Mai tambaya:

Ƙanwata, da shi na fara, har na rubuta shi a saman shafin. Kuma ba ni da ja a kansa in dai abin da ke cikin waya ake nufi. Wanda ya buɗe Audiomack ko Boomplay ko Spotify ya tara waƙoƙi 30 wuri guda don tafiyar mota, jerin waƙoƙi ya haɗa, magana ta ƙare. Amma da na sake duba shafin nawa sai na ga matsala biyu.

Ta farko, waƙa a Hausa ta haɗa da rubutacciya. Marubuciya ta sa "jerin waƙoƙin marubuciya" a ƙarshen littafinta, mai karatu zai buɗe yana jiran baitoci da amsa-amo, ya ɗauka waƙe na yi. Ta biyu, fiye da rabin abin da nake saurare babu murya a ciki ko kaɗan. Fiyano ne a hankali, da babban gogen nan na Turawa mai kaurin murya da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, da kiɗan da aka yi wa finafinai. Da gangan nake zaɓar su haka, domin in mawaƙi yana furta kalmomi a kunnena, kalmominsa suna ture nawa, jimla ta ƙi haɗuwa. Abin da babu waƙa a cikinsa ta yaya zan kira shi jerin waƙoƙi?

Sannan kalmar jeri tana gaya mana yadda abin yake ne kawai, ba ta gaya mana aikin da yake yi ba.

Wani ɗan'uwa daga Maradi:

Hajiya, kundin waƙoƙi fa? Ko kuma ki ɗauko tsohuwar kalmarmu ta rediyo, zaɓi sonka. Mu da muka tashi da kunne a Rediyon Kaduna mun san daɗinta.

Mai tambaya:

Na gode Yaya. Kundi 'yan jarida sun riga mu, shi suke kira faifan da mawaƙi ɗaya ya fitar da waƙoƙinsa a haɗe. In muka ɗora masa wani kaya, sai a rasa wanne ake nufi. Zaɓi sonka kuwa har raina ina ƙaunar kalmar, akwai ɗumi a cikinta. Sai dai ita gaisuwa ce: ka aika da kati, a karanta sunanka da na abokanka, a sa muku waƙa duniya ta ji. Abin da nake magana a kansa na kaɗaici ne, ƙarfe biyun dare, mutum ɗaya da fitila da waya a kunne.

Malam:

Assalamu alaikum. 'Yata, na karanta duk abin da aka faɗa, kuma ina ganin kina neman kalmar a wurin da ba ta nan. Kin tsaya kan siffar abin a cikin waya. Bar wayar tukuna, ki tambayi kanki: shin Bahaushe ya san kiɗan da ake yi wa mai aiki don aikinsa ya tafi? Ya sani, tun kafin a ƙera rediyo.

In an yi gayya, makaɗi yana bin manoma kunya-kunya da gangar noma, yana zuga su. Sunan abin kiɗan noma. Mahauta suna da nasu da kalangu, kiɗan fawa. Maƙera suna da dundufa. Akwai kiɗan farauta, akwai kiɗan dambe, akwai kiɗan tauri. Duba yadda harshen ya gina su: kalmar kiɗa, sai sunan sana'ar. Kuma a dukkansu ba mai aikin ne yake kiɗan ba. Wannan shi ya raba su da waƙar daka ko ta niƙa, inda mai aikin ce take rera abarta da bakinta. A nan wani ne yake kaɗawa, mai aiki yana ji, ƙarfi yana zo masa. Matar nan da kika ambata da makaɗanta na Ingila, ai manomi ne da mai gangarsa, sai dai gonarta takarda ce.

Saboda haka ni abin da zan ce shi ne: kiɗan rubutu.

Kada kuma ki damu da cewa wasu a ciki waƙoƙi ne masu murya. In aka ce ana kiɗa a gidan wane, babu wanda yake ɗauka cewa mawaƙi ya rufe bakinsa. Kiɗa yana ɗaukar waƙa a cikinsa, waƙa ce ba ta iya ɗaukar kiɗan da ba shi da murya.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara ilimi Malam. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kwana 14 ina juya kalmar Turanci ina neman takwararta, ashe abin yana gonar kakana.

Kuma ya dace da wani misalin da ban kawo ba. Maggie Stiefvater, ita ma Ba'amurkiya, wadda ta fitar da The Scorpio Races a 2011, labarin dawakan ruwa masu cin nama da ake tsere a kansu a wani tsibiri duk watan Nuwamba, makaɗiya ce da kanta. Tana busa algaitar nan ta mutanen Sukotland mai jakar iska, kuma ita take tsara kiɗan da ake ji a wasu littattafanta na saurare. A wurin irinta kalmar jeri ba ta ma taso ba, tunda ba tattaro na wasu ta yi kawai ba. Amma kiɗan rubutu ya rufe ta ita ma.

Wani dattijo:

Ban ƙi ta Malam ba, amma a yi hattara. Rubutu a bakin Bahaushe ba na littafin labari ba ne kaɗai. Akwai rubutun allo da ake wankewa a sha. Tsohuwa a ƙauye ta ji an ce kiɗan rubutu, me za ta ɗauka? Haɗa kiɗa da wannan ba zai yi wa mutane daɗin ji ba. Me zai hana a ce kiɗan alƙalami?

Malam:

Alhaji, tsoronka yana da tushe, kuma gara da ka faɗa. Amma alƙalami ba zai yi ba. In aka sa sunan kayan aiki bayan kalmar kiɗa, kunne yana jin abin da ake kaɗawa ne: kiɗan kalangu, kiɗan kotso, kiɗan ƙwarya, kiɗan taushi. Kiɗan alƙalami zai zama yaro yana buga biro a kan benci.

In ana son kauce wa abin da ka hango, akwai hanya ta biyu da harshen ya yarda da ita, wato a kira masu sana'ar: kiɗan maƙera, kiɗan mahauta, to sai kiɗan marubuta.

Mai tambaya:

Baba Alhaji, na ɗauki maganarka da nauyi, don haka na zauna na gwada su biyun a jimla, tunda a nan ake gane kalmar da za ta rayu.

"Kiɗan marubuta ya bambanta da na masu karatu." Wannan ya zauna daram. Amma in zan tambayi ƙawata, sai in ce mata me? "Mene ne kiɗan marubucinki?" Ma'ana ta karkace, ya koma kamar tana da wani marubuci nata. Ɗayan kuwa: "Mene ne kiɗan rubutunki?" "Na canza kiɗan rubutuna da na shiga babi na 9." "Ta fitar da kiɗan rubutun sabon littafinta." Duk suna tafiya ba tuntuɓe. Kuma muna cewa teburin rubutu, littafin rubutu, gasar rubutu, ba wanda hankalinsa yake zuwa kan allo. Inda kalmar za ta zauna, wato ƙarshen littafin labari, shi zai tsare ta. Ni dai na tsaya a kan kiɗan rubutu, a ajiye kiɗan marubuta don in ana maganar su a jam'i.

Sai dai Malam, akwai saura. Marubutan nan ba littafin kaɗai suke ware wa kiɗa ba. Sau da yawa kowane mutum a cikin labarin yana da waƙarsa. Ni ma haka nake yi ban san sunansa ba. Akwai wani kiɗa guda da ba na kunna shi sai abin da ke cikin rijiyar zai yi magana. Na maimaita shi har ya zama da na ji farkonsa tsigar jikina take tashi, muryar abin ta zo mini, in rubuta shafi uku ban ɗaga kai ba. In na kunna shi a wurin yarinyar sai rubutun ya lalace. Wannan ɗin me za a ce masa?

Malam:

Wannan ai ba sai an ƙirƙira ba, 'yata. Take ne. Kowane ɗan dambe yana da takensa, in makaɗi ya kaɗa shi sai ya tsuma ya fito fili ko bai yi niyya ba. Wanda ya taɓa jin yadda Ɗan Anace yake kiran Shago ya san abin da nake faɗa. Sarakuna suna da take, ƙasa ma tana da nata. Kuma tunda labarinki na iskoki ne, ki san cewa masu bori a kan wannan fahimtar suka gina kiɗansu: kowane iska da kiɗan da ake kiransa da shi a garaya ko goge, ba a yi wa wani na wani. Ba ina yaba aƙidar ba ne, harshen nake nuna miki. Abin da kika kwatanta, har da tashin tsigar jiki, Hausa tana da kalmarsa guda: tsuma.

Abu ɗaya za ki kiyaye. Ki ce taken wance, taken wane, taken mugu, taken jaruma. Kada ki ce taken littafi, domin wannan ya riga ya zama sunan littafin ko jigonsa.

Wata ƙanwa:

To ni dai Anti jerin waƙoƙina yana nan a wayata.

Mai tambaya:

Yana nan ƙanwata, ba wanda ya taɓa shi, wurinsa daban. Yanzu na gyara shafin. A sama na rubuta "Kiɗan Rubutun Wannan Littafi". A ƙarƙashinsa na fara da taken yarinyar, sai taken kakarta, sai waɗanda suka raka ni tsakiyar labari ba na kowa ba. Na rijiyar na sa shi can ƙasa shi kaɗai, na bar sarari tsakaninsa da sauran, na rubuta "Taken Mai Rijiya". Baba Alhaji, in littafin ya fito zan karanta wa kakata shafin da bakina, in ta ɗauke shi da wata ma'ana zan dawo nan in faɗa.