Me za mu kira "fungicide" na irin shinkafa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta shirin manoma a rediyo, kan maganin da ake sa wa irin shinkafa kafin shuka saboda cututtukan da ke zuwa tare da irin. Na maƙale a kan "fungicide". A taimaka.

Malamin gona: Maganin fumfuna. Kowa ya san fumfuna.

Ɗaliba: Malam, fumfuna ana ganinta da ido. Wannan kuwa iri zai fito tsaf alhali cutar na laɓe a ɓawonsa. Dubi cutar shinkafa da ake kira bakanae: tsiron ya zarce 'yan uwansa tsawo, siriri, ya koɗe, ƙarshe ya bushe. Manomi zai ce irina ba fumfuna, ya ƙi sa magani. Ni dai maganin fangas.

Dattijo: Fangas kuma? Hausar ce ta ƙare? Na daɗe ina cewa "kashe-gwari", daga naman gwari. Gajere, ga daɗin faɗa.

Malamin gona: Baba, a gafarce ni, mai sauraro zai ji kamar da wata ƙabila ake. Kuma ai rediyon ma aro ce.

Dattijo: Don mun ari rediyo sai mu ari komai? Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji.

Ɗaliba: Ba kunya ba ce, Baba. So muke a gane.

Mai fassara: Jama'a, lokaci. Aikin sa maganin kansa fa? Na rubuta "wanke iri".

Malamin gona: Kul! Cire shi. Magunguna irin su thiram da carbendazim cuɗa su ake da iri, ko a jiƙa irin a ruwan maganin, don ya zauna a jikinsa. Shi ya sa ake rina irin, a san dafi ne. A Iraƙi, 1971 zuwa 1972, mutane sun wanke launin daga irin alkama mai magani suka ci, ɗaruruwa suka mutu. Kada kalmarmu ta sa wani ya zaci ruwa na fitar da shi. Ki ce "cuɗa iri da magani", ki maimaita cewa ba a ci, ba a ba dabba.

Mai fassara: Na karɓa, Allah ya saka. Zan ce "maganin fumfunar iri", in ƙara da cewa ido ba ya ganinta.

Ɗaliba: Bai gamsar da ni ba, amma da bayanin zai wuce.

Dattijo: Cuɗa iri na yarda. Ɗayan kuwa, ku yi na gobe, za mu dawo kansa.