Wace kalma za mu sa wa bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki?

Jama'a, ina neman taimakonku. Ina rubutu ne a kan maƙeran bindiga na yankin Bask a arewacin Sifaniya, musamman garin Eibar da ya yi ɗaruruwan shekaru yana wannan sana'a, har gidan tarihinta gare shi. A yankin har yanzu ana ƙera sababbin bindigogi a zubin na ƙarni na 18 da na 19, ana goge ƙotar katako da hannu, ana yi wa ƙarfen zane. Wasu su saya su rataye a ɗaki, wasu su tafi farauta da su, musamman a Amurka, inda jihohi da yawa suka ware wa irin wannan bindiga lokacin farautar barewa na daban. Mutanen Sifaniya na ce mata avancarga, Turawan Ingila muzzleloader. Duka biyun abu ɗaya suke nufi: ta gaba ake cika ta. Mu fa?

Amsar farko da na samu ita ce harba-ka-ruga. Kalma ce mai daɗi, amma akwai raini a cikinta, tana cewa mai harbin ba shi da na biyu. Maƙerin da ya yi makonni a kan bindiga ɗaya bai cancanci wannan ba. Wani ya ce bindigar toka, wani adaka. Waɗannan namu ne, da an faɗe su sai mafarautanmu su zo a zuciya, ko 'yan bindigar sarki a hawan sallah da hayaƙi ya turnuƙe su. Bindigar gargajiya kuwa ta yi faɗi, ba ta faɗi yadda abin ke aiki ba.

To ku dubi aikin da kansa. Mai harbi zai tsayar da bindigar, bakinta sama. Ya auna baƙin albarushi, wanda gawayi da farar wuta ke cikin haɗinsa, ya zuba. Ya ɗora ɗan ƙyalle mai maiko a bakin, ya aza dunƙulen dalma a kai, ya zaro siririn sandan da ke kwance ƙarƙashin bututun ya danna har ya ji ta zauna daram a kan albarushin. In ya bar rata tsakaninsu, bututun na iya kumbura ko ya fashe. Sai kuma wuta: a tsohon salon Sifaniya da ake kira miquelet, dutsen ƙanƙara ne ke bugun ƙarfe, kamar ƙyastun kakanninmu.

Wannan ai ɗuri ne. Yadda ake ɗura mai a kwalba, yadda uwa ke yi wa yaro ɗure. Shi ya sa na kawo bindigar ɗuri.

Wani dattijo, tsohon maharbi, ya ce: "Ɗana, ai ta soja ma ɗura mata harsashi ake yi." Gaskiyarka, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ita ta baya ko ta ƙasa take karɓa. Sai mu ƙara bakin: ɗura-ta-baki. Tana da zubin harba-ka-ruga, tana zama a harshe, ba ta zagi kowa ba, kuma ta haɗa ta Eibar da ta maƙerin ƙauyenmu a gida ɗaya, wanda a gaskiya gidansu ɗaya ne. "Ya sayi ɗura-ta-baki ƙirar Sifaniya." Ni dai kunnena ya karɓa.

Saura guda. Waɗannan sababbi ne da aka yi a kamannin tsofaffi. Don Allah kada a ce jabu, domin maƙerin bai ɓoye ba, sunansa da hatimin gwaji na jikin ƙarfen. A yanzu ina rubuta "sabuwar ƙira a tsohon zubi", sai dai ta yi tsawo. Baba, ku da kuka riƙe ta a daji, me za ku ce?