Ina so in kai Baba silima ya kalli fim ɗin leƙen asiri, ku ba ni shawara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba zai zo Abuja ganin likitan ido, zai kwana biyu a wurina. Da ƙuruciyarsa bai da abin so irin James Bond na zamanin Roger Moore, a Plaza yake kallo lokacin silima ba ta da rufi. Ina so in kai shi ya ga Mission: Impossible (wato aikin da ba zai yiwu ba) ɗin nan da aka ce shi ne na ƙarshe. Matsalar ita ce kunnensa ya yi nauyi, ba ya iya dogon zama, kuma ba ya wasa da sallar Magariba. Wane lokaci ya fi, wace kujera, kuma nawa zan tanada mu biyu?

Sarkin Kallo: Ka bari ya fito da fassara kawai, ka tura masa a waya. Ɗari biyu ta ishe ka.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da tsoho. Mu dai 7,500 muka biya kowa ranar Asabar, ban da gugguru da lemo.

Injiniya_KD: Kai shi Legas, a Lekki akwai IMAX, silima mai ƙaton allo. Irin wannan fim don babban allo aka yi shi. Tom Cruise da kansa ya maƙale a fiffiken ƙaramin jirgi a sararin samaniyar Afirka ta Kudu, ba aikin kwamfuta ba ne. Haka ya hau Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai, a Mission: Impossible na 2011. A waya za ka ga kamar ƙuda ne a jikin gilashi.

Ɗan Fagge: Injiniya, asibiti fa na ce zai zo, a Abuja.

Bala Mai Haƙuri: Ni dai na yi rantsuwa ni da silima sai a lahira in akwai. Na ɗauki uwargida da ƙaninta, na biya tikiti uku, aka ce ƙarfe huɗu za a fara. Biyar saura kwata muna zaune muna kallon tallan banki. Aka fara, an zo daidai inda jarumin ya nutse cikin jirgin ruwan yaƙin da ya nitse a ƙarƙashin teku, ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa da ƙarar ƙarfe, sai ɗif, wuta ta ɗauke. Janareto ya ƙi tashi. Muka yi ta zufa a duhu. Da aka kunna sai suka ci gaba daga wani wuri can gaba, mutumin har ya fito daga ruwa. Na je wurin manaja, ya ce ba a mayar da kuɗi, sai dai in dawo ranar Talata da safe. Ni ma'aikaci ne, Talata da safe! Na fito na tarar an goge min gefen mota a wurin ajiya. Har yau uwargida in muka yi saɓani sai ta ce "kamar ranar silima".

Ummu Hanan: Subhanallah. Wace silima ce wannan?

Bala Mai Haƙuri: Bar shi kawai Hajiya, na bar su da Allah.

Kwamanda 007: Malam Bala, kai ma aikin da ba zai yiwu ba aka tura ka, ka kasa. Da jarumin ne da ya tada janareton da ƙyallen wuyan rigarsa.

Zee Gwarinpa: 7,500 kuma? Ni 4,000 na biya ranar Laraba da rana. Ɗan Fagge, fim ɗin ya kusa awa uku, minti 170. In ka shiga na ƙarfe ɗaya bayan Azahar za ku fito ku yi La'asar a natse. Sa'ar farko surutu ne da tuna baya, nan ne Baba zai iya gajiya. Amma wurin nutson nan kusan ba magana, ido kawai yake buƙata.

Injiniya_KD: 4,000 a Abuja? Sai dai ko bara.

Zee Gwarinpa: Ina da rasit, Yaya.

Sarkin Kallo: Duk wannan wahala a kan Bature mai gudu. Ku nemo masa Pathaan ko Tiger, leƙen asirin ne dai, ga waƙa ga rawa, tsofaffinmu da Indiya suka saba.

Injiniya_KD: Sarkin Kallo, don Allah ka taɓa shiga silima kuwa? Wanda bai taɓa jin kujera na rawa saboda ƙarar fashewa ba bai kamata ya sa baki a nan ba.

Sarkin Kallo: Na shiga Marhaba tun kana tatata. Kuma wanda ya ce a kai mara lafiya Legas shi ne zai koya min shawara?

Bala Mai Haƙuri: Kujera na rawa, in akwai wuta ba.

Malam Na Sabongari: Ni abin da ke ci min rai da masu fassarar nan, daɗin fim ɗin leƙen asiri shi ne ba ka san wane ne maci amana ba sai ƙarshe. Su kuwa tun fitowar mutum za ka ji "to ga munafukin nan ya iso". An gama da kai. Inda aka yi shiru don zuciyarka ta buga, nan za su cusa barkwancin tashar mota.

Sarkin Kallo: Ba don su ba wa zai gane abin da ake ƙullawa? Rabin masu zuwa silimar ma ba sa jin Turancin, hoto suke ɗauka.

Zee Gwarinpa: Wannan kam gaskiya ne, wata a gabana ta yi ta bidiyo da fitila a kunne har aka tashi.

Ɗan Fagge: Jama'a, kujerar fa? Gaba ko baya ga mai nauyin kunne?

Malam Na Sabongari: Kuma masu tura fim su ba ka wanda aka ɗauka da waya a cikin silima, kawunan mutane na wucewa, su ce maka "orijina" ne. Jiya ma sai da na koma na karɓi kuɗina.