Me ya sa ɗigon maganaɗisu ba ya kaɗawa kamar fallen da aka yanko shi daga jikinsa?

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun Fiziks a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Idan aka yanka siririn fallen famaloi, wato gamin nikel kashi 80 da baƙin ƙarfe kashi 20, zuwa ɗigo-ɗigo masu faɗin nanomita 200 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), me ya sa yawan kaɗawar da suke shan igiyar maikurowef a kansa yake sauyawa, alhali ƙarfen bai canza ba?

Malam daga Tudun Wada, Gombe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka tuna katantanwar da yara suke murzawa: tana juyi tana kuma layi a kewayen tsayuwarta. Haka maganaɗisun ƙarfen yake layi a kewayen filin maganaɗisun da aka ɗora masa daga waje, kuma idan igiyar ta dace da saurin layin, sai ya sha ƙarfinta. Masanin Fiziks Griffiths ya auna hakan a 1946, amma sakamakonsa ya zarce abin da lissafi ya nuna, har sai da wani masanin, Kittel, ya bayyana cewa siffar ƙarfen tana haifar da nata filin a ciki. A filin tesla 0.1 (tesla ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu ne), ƙwallon ƙarfe yana kaɗawa a kusan gigahaz 2.8, wato sau biliyan 2.8 a daƙiƙa, amma fallen famaloi da filin yake kwance a jikinsa ya haura 9. Ɗigonka yana da gefe ta kowace fuska, saboda haka filinsa na ciki daban ne.

Wata malama daga Kashere:
Malam ya yi bayani, sai dai lissafin Kittel ya ɗauka maganaɗisun duka yana fuskantar wuri guda, wanda ba kullum ba ne a ɗigo. Idan ɗigon yana da kauri kuma filin waje ya yi rauni, maganaɗisun yakan naɗe kamar guguwa, cibiyarsa tana zagaye a ƙasa da gigahaz ɗaya. Ko da filin ya miƙar da shi, akwai kaɗawar tsakiya da ta gefe, kuma ta gefen ce take tona asirin duk wata gargada da aka bari wajen yanka.

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ke nan, Malama, idan aka auna ɗigo dubbai a lokaci guda, bambancin gefunansu ne yake faɗaɗa layin da na'ura take zanawa?