Wai me za mu kira iyon nan da ake yi da bututu a baki?

Jama'a salamu alaikum, ga tambaya daga Auyo. Yaran ajina sun ga bidiyo a waya, wasu mutane a jirgin ruwan da iska ke turawa suna bin tsibirai, duk lungun da suka samu ruwa a kwance sai su jefa anka su faɗa ciki da tabarau da wani bututu a baki, wanda Turawa ke ce wa sinokil. Wani yaro ya ce ai nutso ne, ni kuma raina bai kwanta da nutso ba sam.

Mai nutso ƙasa yake yi, ko ya riƙe numfashi ko ya goya tukunyar iska. Wannan kuwa a sama yake rub da ciki kamar yadda masuntan Haɗeja ke kwanciya kan gora, fuska ce kawai a ruwa, bakin bututun na waje yana shaƙar iskar Allah. Bututun ma ba ya wuce santimita 40 ko kusa da haka, don in mutum ya yi ƙasa ruwa danne masa ƙirji zai yi ya kasa jan iska, kuma in bututun ya cika tsawo iskar da ka fitar ita za ka yi ta maidawa ciki. Ni dai "iyon leƙe" na kawo, abin bakin kuma "bututun iyo". Me kuka gani?

Daga Ringim: Malam, bututun iyo ya zauna daram. Amma leƙe fa ba abin arziki ba ne a wajenmu, leƙen gidan mutane ake tunawa. Me zai hana iyon kallo?

Daga Kafin Hausa: Ɗana, iyon kallo sai a ɗauka mai iyon ake taruwa a kalla. Ai ana leƙa rijiya ana leƙa mara lafiya, ba kowane leƙe ne laifi ba, ku bar wa Malam kalmarsa. Ni abin da suke leƙawar ne ya dame ni, naji wasu na cewa "duwatsun teku" alhali muna da suna tun kaka da kakanni, murjani, ga shi nan a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Kuma ba dutse ba ne tun asali, wasu mitsi-mitsin halittu ne masu rai ke gina shi a ruwa mai ɗumi mara zurfi inda rana ke ratsawa, shi ya sa daga sama ma kana ganin kifaye kala-kala da kunkurun ruwa. Wanda ya je aikin Hajji ya shiga tsohon garin Jidda ya ga gidajen da aka gina da shi, daga Bahar Maliya aka ɗebo. Murjanin da ya taru ya yi tudu a gaɓar Ostireliya kuwa tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

Daga Ringim: Na yarda Baba. Sai dai jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani iri ne daban, an fi samo shi a Bahar Rum, ba ya tara tudu irin wannan.

Daga Auyo: Allah ya saka da alheri. To kun ga sai mu ce "tudun murjani" don a bambanta shi da na wuya. Gobe haka zan rubuta musu a allo, iyon leƙe da bututun iyo a kan tudun murjani. Saura wurin da jirgin ke jefa anka ya kwana, shi kam ba tasha ba ce tunda babu gini, kuma a kan yashi ake so a jefa don anka na farfasa murjanin. Masu ƙasar ruwa, 'yan Guri da Kirikasamma, ya kuke kiran inda kuke ɗaure kwale-kwale?